Shekarar da Fetur Ya Yi Kwantai

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, da hantsi, muna kan hanyar Zariya ni da Habu, ɗan wana marigayi Yaya Sale. Shi ke tuƙi. Da muka wuce Kura muka doshi Kadawa, sai na ga gefen titi ya yi jajir hagu da dama. Tumatir ne aka yanka aka shanya, wani a kan farkakkun buhuna, wani a ƙasa kawai. Na ce ya tsaya. Ina sauke gilashi warin ya shigo, tsami-tsami da ɗan zaƙi, irin mai kama maƙogwaro. Habu ya ce bana motocin kudu ba sa zuwa sosai, mai ya yi tsada, dala ta hau, shi ya sa kowa ya koma yin kauɗa. Ya faɗi kalmar dala kamar yadda mutum zai ce gishiri. Ni kuwa warin nan bazarar 1984 ya mayar da ni.

A lokacin ina aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Kano. Ina mayar da labaran da suka zo da Turanci zuwa Hausa, wani lokaci in karanta. Labari guda ne ya fi zuwa teburina a shekarun nan, sai dai kullum ya sake riga. Ƙasarmu tana sayar da ɗanyen mai a waje, a biya ta da kuɗin waje, da su take sayo abin da ba ta yi ko ba ya isarta: magani, madara, shinkafa, ƙarafan injuna, tayoyin mota. Sai masana'antun Turai da Amurka suka ja baya, suka rage sayen mai, masu sayarwa kuma suka yi yawa. Abin da ke shigo mana ya kasa abin da ke fita. A daidai lokacin ƙasashe da dama, daga nan har Kudancin Amurka, suka kasa biyan basussukansu. Bankunan waje suka tsorata, suka daina tsaya wa 'yan kasuwarmu, jiragen ruwa suka rage zuwa Legas.

Mun gwada kiran abin da sunaye iri-iri. Mun ce ma'aunin cinikin ƙasa da ƙasashen waje ya karkace. Daidai ne, amma mai sauraro ba ya jin komai a jikinsa. Wata rana editanmu, wani dattijo mai jan alƙalami, ya soke layina ya rubuta a samansa cewa man fetur ya yi kwantai a kasuwar duniya. Ni na karanta labarin, don haka ni kalmar ta bi har gida.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Muna da gona biyu: ta tudu, inda ake gero da dawa da damina, da ta bakin kanal, wato magudanar ban ruwa, wadda aka mayar mana bayan an yanka hanyoyin ruwa. Daminar 1983 ba ta yi ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Abin da aka ɗaure aka kai rumbu bai kai tsakiyar rani ba. Saboda haka Yaya Sale, wanda gidan ke hannunsa tun rasuwar mahaifinmu, ya zuba duk ƙarfinsa a gonar bakin kanal. Ya dasa tumatir, dogon nan mai tsoka, da niyyar in ya sayar ya cika rumbu da hatsin da zai kai mu kaka. Tumatirin kuwa ya yi. Ban taɓa ganin ya yi haka ba.

Na zo gida wata Juma'a a watan Maris. Tun daga bakin titi na ga kwanduna jere, an rufe su da ciyawa, ruwa yana tsiyaya daga ƙasansu, manoma zaune a kai suna kallon hanya. A gindin wata ɗorawa ga motar Mamman, mai bodin katako, a kan duwatsu. Mamman taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifinmu, shi ke kai kayan ƙauyenmu kudu.

"A'a, ga mai kwantai!" ya ce, tun ban ajiye jaka ba. "Kai ne ka shiga akwati ka ce fetur ya yi yawa har ya rasa mai saye? To ga mai shansa nan ta zauna. Mai ya yi yawa, taya babu. Ka bayyana mini wannan da Hausar rediyo."

"Ina tayoyin?"

"Na baya sun fashe a hanyar Jeba. Na gaba sun yi sanƙo, sun fi kanka tas. Na je Kano, na je Kaduna. Wai sai mai lasin shigo da kaya, shi kuma ya ɓoye nasa a ƙarƙashin gado."

"Kaina da gashinsa," na ce.

"Ka jira."

Ba motar Mamman kaɗai ba ce. Yawancin motocin da suka saba zuwa sun zauna, kaɗan ɗin da ke zuwa kuma masu su ke yanka farashi yadda suka ga dama, su zaɓa, su bar saura. Tumatir ba ya jin ana cikin matsala. Rana ta buɗe, shi kuma yana ta nuna.

A zaure na tarar da wani baƙo da Yaya Sale. Dillali ne. Wani attajiri daga birni yana sayen gonakin bakin kanal, ya aiko a ji ko za a sayar masa da tamu. Baƙon ya yi magana a hankali, da ladabi. Ya ce ba gaggawa, zai riƙa leƙowa, amma Alhaji yana so ya san matsayi kafin azumi. Yaya Sale bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da na shiga cikin gida na leƙa rumbu, na gane dalili. Ana ganin daɓe.

Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida. Inna tana kan tabarmarta tana gyaran zogale. Hajara, matar Yaya Sale, tana bakin murhu. Inna ba ta faɗin sunan Yaya Sale, ɗan fari ne. Ni kuwa Auta take ce mini.

"Auta, fetur ɗin nan da ka ce ya yi kwantai, ya ruɓe?"

"Ba ya ruɓewa, Inna. Yana nan a tanki, ko a ƙarƙashin ƙasa."

"To ai wannan ba kwantai ba ne, jira yake yi. Kwantai na mai ƙosai ne." Ta karkaɗe faifai. Ta juya wajen Yaya Sale ba tare da ta dube shi ba. "Ku yanka abin nan ku shanya. Shi ma ya koyi jira."

Yaya Sale ya ce, "Inna, kauɗa ai ta miyar gida ce. Kwarya ɗaya, biyu. Wa zai sayi kauɗar gona guda? Mutanen birni suna da na gwangwani."

Nan ne na ga abin da na sani ya yi amfani. Na gaya masa a Kano layi ake yi a kan sabulu da madara, kuma matar da nake cin abinci a rumfarta ta daɗe tana ƙorafin ba ta samun tumatirin gwangwani. Jirgin da bai kawo taya ba, shi ne bai kawo gwangwani ba.

"Ka tabbata za a saya?"

"Ban tabbata za a saya ba, Yaya. Na dai tabbata babu gwangwani."

Hajara ta ce daga bakin murhu, "Ka ji mutumin rediyo. Ko tambayarsa ka yi ko ya ci tuwo, sai ya ce majiya mai tushe ta shaida masa."

Yaya Sale ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Sannan ya ce a kai wuƙaƙe maƙera. Na koma Kano ranar Litinin, na nemi hutun shekarata, na dawo.

Aikin yana da tsarinsa. Ana idar da sallar asuba mu shiga gona, mu tsinka tun yana da sanyin jiki. Da hantsi a ware: wanda ya yi laushi a ajiye don miya da maƙwabta, mai ƙarfi a yanka. Ana tsaga shi biyu ne ta tsawo, a kwantar da shi cikinsa yana kallon sama. Ba a taɓa shi sai ya yanƙwane, sannan a juya. In ka damƙa bai manne a hannu ba, ka ji yana ƙwaramniya, ya yi. Mu maza muna yanka a gona, kwanduna kaɗan kuma a kai gida wa Inna da Hajara, su yanka a hau da shi saman soro.

A yankan farko muka yi kuskure, irin na mutanen da suka saba da ruwa har suka manta yana nan. Muka shanya a wani fegi da ba a dasa komai ba a gefen gonar, dab da kanal, don ya fi kusa. Samansa ya bushe ƙamas, har ya tsattsage. Ba mu yi tunanin ƙasar ban ruwa gumi take yi ta ƙasa ba. Da muka zo juyawa, bayan kowane yanki ya yi baƙi, farar fumfuna ta bi shi. Kuma shi ne tsinka mafi kyau a gonar. Yaya Sale ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya ya duba, ya ajiye, ya ɗauki wani. Ran nan dillalin ya leƙo. Ya ce Allah ya mayar da alheri, ya tsaya yana kallon gonar daga wannan iyaka zuwa waccan.

Da muka koma gida, Hajara ta ajiye faifai a gabanmu kafin ta kawo ruwa. Nata ne na saman soro, ja wur kamar an shafa masa man ja.

"Ni dai ban yi boko ba," ta ce tana kallona, "amma ban taɓa shanya zane a cikin rijiya ba."

"Ba ni na zaɓi wurin ba."

"Au, yanzu kuma yayanka za ka kai ƙara?"

Yaya Sale ya juya kauɗar a tafin hannunsa. Ya ce soro ba zai ɗauki gona ba. Sai ya ce, "Tudu."

Gonar tudu ta hana mu hatsi, amma ba abin da ya kai ta bushewa a ƙasar nan. Guntayen karan geron da fari ya kashe suna nan a tare a gefe, ba wanda ya ga amfaninsu, don ba su isa danni ba. Muka shimfiɗa su jere-jere, muka riƙa kwantar da tumatirin a kai. Iska tana bi ta ƙasa, yashi ba ya taɓa shi. Jakuna biyu na aro suka riƙa jigila daga bakin kanal zuwa tudu.

Zafin bazarar nan har yanzu ina jin sa a tafin ƙafa. Da azahar ƙasa tana cin mutum ta cikin takalmi. Ruwan tumatir yana shiga tsagar hannu ya yi raɗaɗi, yatsu su yi fari su tattare. Ƙudaje sun zama kamar 'yan gayya. Dabbobi kuma a sake suke a wannan lokaci, sai muka riƙa gadi bi da bi saboda awaki. Da safe kunun kanwa ne, tsararo. Tuwo sau ɗaya, bayan magariba, kuma malmalar kullum ƙara ƙanƙancewa take yi. Tsakanin nan ɗanyen tumatir muke ci da gishiri da garin ƙuli, har gefen bakinmu ya tsage. Na lura Inna tana cewa ta ƙoshi tun ba ta kai rabin nata ba, ta tura wa jikoki. Habu yana goye a lokacin.

Maƙwabta suka fara zuwa taya mu yanka, kowa ya tafi da na miya. Wasu suka koma suka yi nasu. Wasu suka ce gidan su Sale sun shuka tumatir a tudu ba ruwa, ana jira a ga tsiro. Mamman yana zuwa kullum, tunda ba shi da abin tuƙawa. Ya fi kowa surutu, ya fi kowa saurin wuƙa.

Wajen ƙarshen Afrilu, mun kusa gamawa, iska ta juya. Aka tashi da gumi mai danƙo. Bayan farin da aka sha, ba abin da garin ke roƙo sai ruwa, kowace salla liman sai ya roƙa, mu ce amin. Mu ma muna so, gonar tudun nan ita za ta sha. Amma rabin abin da muka mallaka yana kwance a fili cikinsa a buɗe. Ba mai iya buɗe baki ya ce ba ya son ruwa. Na ji Yaya Sale yana shafa addu'a a bakin masallaci, ya ce amin da ƙarfi, sannan ya ƙara a hankali, "Ko jibi ma, ya Rabbi, ba mu ƙi ba."

Bayan azahar gabas ta haɗe. Muka ruga tudu, mu da duk wanda ya ji. Muka riƙa kwashe wanda ya bushe da wanda ya kusa, da kwarya, da faifai, da gaban riga, muna tarawa wuri guda. Ba mu da abin rufewa. Buhunan da muke da su sun cika suna gida. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, ga ƙamshin ruwa yana tahowa. Sai ga Mamman yana jan jaki, shi yana gudu jakin ba ya so, an ɗora masa wani abu naɗaɗɗe mai nauyi. Tamfol ɗin motarsa ne.

"Ku kama!" ya ce. "Ba ta da takalmi, amma tana da mayafi!"

Muka ja shi a kan tarin. Ba duwatsu a tudu, sai muka zauna a gefunansa, kowa ya danne da jikinsa. Ruwan ya sauko da manyan ɗigo, yana dukan tamfol kamar ana kiɗa. Daga cikin gari muna jiyo guɗa. Wanda aka yanka a ranar da na jiya, da ba mu kai ga kwashewa ba, muna kallo ya jiƙe ya koma miya a kan kara. Ruwan bai daɗe ba ya wuce yamma. Ƙasa ta yi wannan ƙamshin da ba a samu ba tun bara. Yaya Sale yana zaune a kan kusurwarsa, ruwa na zuba daga gemunsa, ya cusa hannu ƙarƙashin tamfol ya damƙo. Muka ji ƙwaramniya.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Duka biyun."

Washegari rana ta fito, muka ƙarasa busar da tarin. Kwanduna masu yawa ne ke komawa buhu guda, mara nauyi, mace ma sai ta ɗauka. Inna ta ce a zuba buhunan a rumbu, tunda ba komai a ciki, a ɗora su a kan itace.

Sai jira. Wannan ya fi yankan wuya. Zafi ya ƙarasa abin da ya rage a gonakin kanal, ɗanyen tumatir ya fara ɓacewa a kasuwa. A gida aka koma auna hatsi da tiya daga kasuwar Bunkure, da abin da nake aikowa, wanda bai taka kara ya karya ba, don albashin ma a lokacin ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Dillalin ya sake zuwa. Yaya Sale ya ce a bari a ga wata.

Ni kuwa na koma aiki da ƙullin kauɗa a jakata. Na kai wa Iya, Bayarabiyar da nake cin abinci a rumfarta. Ta kwance, ta shinshina, ta taɓe baki.

"Malam, na san wannan. Yashi ne. In na zuba a miya, mutane su tauna ƙasa su zage ni."

Na ce ta jiƙa ta gani. Washegari tun daga nesa ta ɗaga mini ludayi. Ta ce launin ya ɗan fi na gwangwani duhu, amma da ta tsiyaye ruwan ba ta ga komai a gindin kwano ba. Ta tambaya nawa ne a ƙasa. Na ce rumbu guda. Ta ce kada in gaya wa kowa. Kafin mako ya zagayo, ita da kanta ta gaya wa mata uku masu sana'a irin tata.

An ga watan azumi da shigowar Yuni. A kwanakin farko muka tafi ƙauye da su Iya a cikin akori-kura ta haya. Abin da a ɗanyensa sai manyan motoci, ƙaramar mota guda ta ɗauke. An yi ciniki a ƙofar gida, da rantsuwa da tashi da dawowa, Mamman yana tsakiya yana fassara Hausa zuwa Hausa. Yaya Sale bai bar kuɗin sun kwana ba. Ranar kasuwa ce, ya wuce Bunkure. Kafin la'asar jakuna suka shigo da gero da dawa, aka zuba a inda kauɗar ta tashi. Rumbun bai cika ba. Inna ta leƙa, ta auna da ido, ta ce zai kai kaka in ba a yi almubazzaranci ba.

Hajara ta dama kunun tsamiya mai kauri, irin wanda ludayi ke tsayawa. Da ta miƙo mini ta ce, "In ka koma, ka gaya wa masu fetur su tsaga shi biyu su shanya."

Dillalin ya iso ana shirin shan ruwa. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka ba shi kunu da ƙosai. Da aka yi salla ya gyara murya, sai Yaya Sale ya riga shi.

"Ka gai da Alhaji. Ka ce mun gode, muna nan a kanta."

Baƙon ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya ƙara kunu, ya tafi.

Duk wannan labarin na ba Habu a tsaye a gefen titi, motoci suna wucewa da lodi. Ya saurara, wayarsa tana ta ƙara a aljihu bai ɗauka ba. Ya tsuguna ya ɗaga wani yanki daga shanyar da ke gabanmu, ya duba bayansa, ya kakkaɓe yashi, ya ce wannan a ƙasa aka yi ta.

Daminar 1984 ma ba ta cika ba, amma hatsin ya kai mu sabon gero. Mamman ya sami tayoyi na hannu bayan babbar salla, tamfol ɗinsa kuma bai daina warin tumatir ba har ya yage. Gonar bakin kanal tana hannun Habu. Bana rabi ya dasa tumatir, rabi ya shuka alkama.